Talata: aikin fili da waya a hannu

Yau muka fita aikin fili na darasin duba lafiyar gine-gine. Tun daren jiya Malam ya turo mana fom a KoboCollect, manhajar tattara bayanai a waya, ya ce kowa ya sauke shi kafin ya kwanta, don inda za mu ba lallai a samu sabis ba. Haka kuwa aka yi. Muna shiga harabar tsohon zauren da aka ba rukuninmu sabis ya ɗauke, amma aiki bai tsaya ba, tunda manhajar tana adana komai a cikin waya har sai an samu intanet.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina wata tsaga ce a bangon gabas, ta taso daga kusurwar taga tana bin layin siminti tsakanin bulo kamar matakala. Sai da na ɗora rula a kanta sannan na ɗauki hoto, domin in babu ma'auni a gefe, mai kallon hoton ba zai san faɗinta ba. Milimita 4 ce daga sama, tana tsukewa can ƙasa. Malam ya tsuguna ya nuna mana bututun ruwan rufi da ya karye dab da harsashin ginin, ƙasar wurin ta jiƙe sharkaf. Ya ce, "Fom bai tambaye ku wannan ba, amma nan ciwon yake. Ku sa shi a gurbin ƙarin bayani." Ni dai wannan gurbin na fi ganin darajarsa a fom ɗin gaba ɗaya, kuma shi aka fi tsallakewa, saboda danna zaɓi ya fi rubutu sauƙi.

GPS na waya, ko a sarari, yakan kauce da kusan mita 5. Kusa da dogon bango kuwa siginar tauraron ɗan'adam tana bugun bangon ta dawo, sai ka ga ɗigonka ya faɗa tsakiyar titi. Shi ya sa tsawo da faɗi da tef muka auna.

Wata a cikinmu tana da iPhone mai LiDAR, fasahar auna nisa da hasken laser da Apple ta fara sa wa wayoyinta a 2020. Ta zagaya zauren a hankali, sai ga siffarsa ta fito a fuskar wayar har da ginshiƙai. Abin ya burge ni ƙwarai, amma ina fatan ba za a taɓa rataya makin ɗalibi a kan irin wayar da yake riƙe da ita ba.

Da yamma bayanan kowane rukuni suka hau intanet. Malam ya zuba su a QGIS, manhajar zana taswira, muka ga yawancin wuraren damshi sun taru a ɓangaren da ƙasa ta gangara. Gobe za mu koma can da na'urar auna tudu da kwari.