Kafin ka ɗaure kaya zuwa ƙasar da aka ce maka akwai araha

Makon jiya ɗan ƙanwata ya shigo wurina da waya a hannu, baki har kunne. Zane yake yi ta intanet, wani kamfani na waje yana biyansa da dala. Ya ce, "Kawu, na gama lissafi, Masar zan koma. Abin da nake samu a wata ɗaya zai riƙe ni wata uku." Ya miƙo min bidiyon wani Bature zaune a baranda, kogin Nilu a bayansa, yana zayyano abin da yake kashewa. Na ce ya nuna min nasa lissafin. Haya, abinci, kuɗin mota, data. Babu haraji, babu takardar izinin zama, babu asibiti. Gabana ya faɗi, domin irin wannan lissafin na yi kafin in sauka a Alƙahira.

Ni ma da dala ake biyana a lokacin. Watannin farko na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Sai dai tun a wurin neman gida na fara gane cewa baƙo da ɗan ƙasa ba farashi ɗaya ake yi musu ba. Dillali ya karɓi nasa, mai gida ya karɓi kuɗin ajiya, a kwantiragin kuma an rubuta cewa haya za ta ƙaru duk shekara. Na sa hannu ban gama karantawa ba, saboda da na juya kuɗin zuwa dala sai na ga ba su taka kara sun karya ba. Wannan juyin shi ne ciwon. Duk abin da aka faɗa maka sai ka mayar da shi dala a kanka, ka ce ai banza ne, ka biya. Ba ka ankara ba ka koma unguwar baƙi, kana cin irin abincinsu, kana zuwa asibitinsu. Arahar da ta kawo ka tana can wata unguwa da ba ka taɓa kwana a cikinta ba.

Babbar wautata ita ce canji. Daga 2020 zuwa farkon 2022 dala tana tsaye a wajen fam 15.7 na kuɗin Masar, kamar an kafe ta da ƙusa. Duk cirar kuɗi da katin waje ana yankar wani abu, na gaji, na kwashe mafi yawan ajiyata na mayar da ita fam ɗin Masar. A watan Maris na 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren, masu zuba jari suka janye kuɗinsu, dala ta haura fam 18. Oktoba ta kai wajen 24, Janairun 2023 wajen 30, ranar 6 ga Maris 2024 ta kusa 50. Guminka na shekaru yana kwance a asusu, lambar ba ta canza ba, amma a dala bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da ka zuba ba.

Wani lokaci nakan ce wa kaina ba laifina ba ne. Wa ya san za a yi yaƙi? 'Yan ƙasar da suka fi ni sanin tattalin arziki su ma abin ya ci su. Kuma ai ba caca na yi ba, sauƙi na nema. Amma in na kwanta da dare gaskiya takan dawo: na san abin da ya faru a Nuwamban 2016, lokacin da aka saki fam ɗin kasuwa ta yanke farashinsa, dala ta tashi daga ƙasa da fam 9 zuwa wajen 18 cikin 'yan makonni. An gaya min. Na ce wannan ya wuce.

Yaron ya katse ni, ya ce ai faɗuwar kuɗinsu riba ce ga mai dala. Yaran yanzu ke nan, ba ka kai aya ba sun ba ka amsa daga bidiyon minti ɗaya. Eh, akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, albashina ya ƙara auki na ɗan lokaci. Amma hauhawar farashi ta kai kashi 38 cikin 100 a Satumban 2023, kuma abubuwan da suka fi cin kuɗin baƙo da dala suke tafiya: tikitin jirgi, makarantar yara, hayar da mai gida ya dawo ya ce a sake magana a kanta. A 2023 ɗin gwamnati ta ce kuɗin takardar zama sai baƙo ya canza kuɗin waje a banki ya kawo rasit, waɗanda ke zaune ba takarda kuma su biya dala 1,000 su daidaita zamansu. Ga kasuwar bayan fage tana kiranka, inda a farkon 2024 dala ta kusa ninka farashin banki, alhali dokar ƙasar ɗauri take yi a kan wannan cinikin.

Sai haraji, wanda har yau in na tuna raina yakan ɓaci. Na ɗauka tunda kamfanin yana waje, kuɗin ma a waje suke sauka, babu wanda yake bina bashi. Wani akanta ne ya zaunar da ni ya ce, "Malam, aikin a ina kake yinsa? A kan wannan teburin, a cikin ƙasar nan." A dokar harajin Masar ta 2005, wanda ya wuce kwana 183 cikin wata 12 ya zama mazaunin ƙasa a wajen masu haraji, ko da bizar yawon buɗe ido ya shigo. Ƙasashe da yawa haka suke. Tailan ma kwana 180 ne, kuma daga Janairun 2024 ta tsaurara karɓar haraji a kan kuɗin da mazauna ke shigowa da su daga waje. Amurka kuwa tana bin 'yan ƙasarta da takardun haraji duk inda suke a duniya. Gyara abin da na bari ya taru ya ci min kuɗin akanta, ya ci min barci. Har yanzu ina ganin ya kamata a riƙa gaya wa baƙo wannan tun ranar da ya shigo. Amma ni ma ban tambaya ba.

Na yi niyyar rubuta muku shawarwari da yawa, na ga ba za ku karanta ba, ku da ba kwa iya zama da rubutu ba tare da kun leƙa waya ba.

Kada ku mayar da ajiyarku kuɗin ƙasar da kuke baƙunta. Ku canza abin da za ku ci a wata, a banki, ku riƙe rasit. Kada ku tafi sai kun biya akanta na can ya gaya muku yaushe za ku zama masu biyan haraji, ko akwai yarjejeniyar hana biyan haraji sau biyu tsakanin ƙasar da taku, da kuma abin da ƙasarku take binku ko da kun bar ta. In kuɗin akanta ya yi muku yawa, ba ku da kuɗin tafiyar.

In son raina ne, ku zauna inda kuke. Wanda ba shi da inshorar lafiya, ba shi da kuɗin tikitin dawowa a gefe, ba ya tara komai don tsufa, kwana biyu a gadon asibitin kuɗi sun isa su cinye arahar shekara. To amma in ce kada ku je, alhali ni a can na koyi aikin da nake ci da shi yau? Ku je. Ku je da ƙuruciyarku kafin iyali su yi nauyi, amma ku fara da wata biyu ko uku, kuna rubuta duk abin da ya fita daga aljihunku, har ladan dillali da abin da na'urar cire kuɗi ta yanka. Kuma ku riƙa ƙirga kwanakinku daga hatimin da aka buga muku a fasfo, domin shi jami'in haraji zai duba.