Masta, miƙa wa yaronka almakashi

Duk wanda ya taɓa zama shagon tela a Aboabo ko Asawase nan Kumasi ya san yadda muke yi, yara su yi guga, su sa maɓalli, su ruga kasuwar Kejetia sayo zare da lailin, amma yanka kam sai masta. Ni ma haka na tashi na gani haka kuma na yi shekara da shekaru, awo ni, yanka ni, karɓar kuɗin kwastoma ni, hatta MoMo ɗin shago, wato asusun kuɗi na waya, a wayata yake.

Azumin bara ne ya nuna min gaskiya. Saura kwana goma Sallah zazzaɓi ya kwantar da ni kwana huɗu, kekuna biyar a shago amma ko ɗaya bai motsa ba tunda ba wanda ke da izinin taɓa shadda, yara suna zaune suna kallon kayan mutane a jibge. Wallahi abin ya dame ni, musamman babban yarona da ya cika shekara uku yana koyon aiki, hannunsa ya faɗa sarai, ni ne dai ban taɓa bari ya gwada ba.

Toh bayan Sallah sai na canza. Ban fara da Getzner ba, wa zai ba mai koyo shaddar dubban sidi ya fara da ita, yadi mai araha na ba shi na kaftanin yara. Na ce ga awo a littafi, ga ranar da mai kaya zai zo karɓa, idan ka zana da alli ka kira ni in duba kafin almakashi ya shiga, daga nan sauran naka ne. Sai na fita waje na zauna kan benci, don na san in ina tsaye a kansa hannunsa zai yi ta rawa. Ya ɓata wuya ɗaya, ya faɗaɗa shi fiye da kima. Ban yi masa faɗa gaban ƙannensa ba, da yamma muka zauna mu biyu na nuna masa inda tef ya zame.

Abin da yawancinmu ba ma yi shi ne mu ba mutum aiki tare da ikonsa. Ka ce yaro ya kula da sayayya amma duk zaren sidi goma sai ya buga maka waya, wannan ai aike ne kawai. Yanzu na ware masa kuɗin sati a hannunsa, yana rubutawa, ranar Alhamis mu yi lissafi. Kuma na faɗa wa kwastomomi da bakina cewa in ba na nan maganarsa tawa ce, don manyan zango in ba su ji daga bakinka ba cewa za su yi a jira masta.

Babbar riga har yanzu ni ke yanka ta, amma na ce masa kafin Babbar Sallah za mu yanka ɗaya tare, shi a gaba ni a gefe.