Mako na bakwai da turke raguna a Agege

'Yan uwa masu koyon kiwo, yau mako bakwai ke nan da na turke raguna uku a bayan gidan da nake haya a Agege, Uda biyu da Balami ɗaya, waɗanda na sayo a kasuwar dabbobi ta Alaba Rago da niyyar kiwata su zuwa Babbar Sallah. Na soma da tunanin cewa dabbar da ta jure Afrilun Sakkwato, inda ma'aunin zafi kan wuce 40, ba za ta damu da Legas ba, tun da a nan ko a watan Maris zafin bai cika haura 33 ba. Balamin ne ya fara nuna mini kuskurena, domin a mako na uku ya riƙa barin dusa a kwano, ya daina tuƙa da rana, ya tsaya da wuya a miƙe yana haki.

Tunkiya ba ta dogara da gumi kamar yadda mutum ko doki yake yi. Mafi yawan zafin jikinta ta hanyar haki take fitar da shi: iska tana shiga tana fita ta cikin hanci mai damshi, damshin yana bushewa yana tafiya da zafi, kuma jinin da ya huce a can shi ne yake sanyaya wanda ke hawa zuwa ƙwaƙwalwa. A Arewa iskar bazara busasshiya ce, saboda haka wannan dabara tana aiki sosai. Iskar Legas kuwa ta riga ta ƙoshi da laimar teku, sai ragon ya yi ta haki ba tare da ya huce ba, kamar mai shanya ranar da hadari ya wuni. Shi ya sa yanzu nake ƙirga bugun haƙarƙarinsu da agogo maimakon duba ma'auni. Rago mai hutawa yakan yi numfashi 20 zuwa 30 a minti ɗaya, Balamin nawa kuwa ya haura 100 da azahar. Idan ya kai ga buɗe baki da fito da harshe, to lamarin ya wuce na jira.

Na fara da watsa musu ruwa, kuma ban ga amfaninsa ba, sai ma ƙasan turken da ya caɓe, abin da ke jawo ciwon kofato. Abin da ya yi tasiri shi ne kwance buhunan da na kewaye rumfar da su saboda idon maƙwabta, da ɗaga rufin kwanon, da shimfiɗa tabarmar kaba a kansa. Da iska ta samu hanyar ratsawa, hakin ya ragu a cikin kwana biyu.

Na kuma sauya lokacin ciyarwa, domin narkar da abinci a cikin tumbi shi kansa yana haifar da zafi. Harawa da dusa yanzu da asuba da bayan la'asar nake ba su, ruwan sha kuma na mayar da shi inuwa, ina sabunta shi sau biyu a wuni da 'yar kanwa a ciki.

Udan biyu sun dawo da cinsu gaba ɗaya. Balamin, wanda ya fi su nauyi, har yanzu yana rage harawa, don haka zan raba masa turke a gefen da iska ta fi kaɗawa, in ci gaba da ƙirga numfashinsa da azahar har zuwa ƙarshen mako mai zuwa.