Wasiƙa daga Santambul a kan hannu da alƙalami

Zuwa ga 'yan'uwana na gida, iyaye da malamai da ɗalibai,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku, ina rubuto muku wannan wasiƙa daga birnin Istanbul na ƙasar Turkiyya, wanda kakanninmu suke kira Santambul, inda neman abinci ya ajiye ni shekaru da dama ke nan. Da biro na fara rubuta ta a takarda kafin in mayar da ita cikin kwamfuta, kuma da gangan na yi hakan, domin maganar da nake so mu yi ta rubutun hannu ce, wanda nake ganin muna sakin sa daga hannunmu da hannun 'ya'yanmu ba tare da mun tsaya mun auna abin da zai tafi tare da shi ba.

Abin da ya tayar mini da wannan tunani ya faru ne a maƙabartar Karaja'ahmet da ke unguwar Uskudar, a ɓangaren birnin da ke nahiyar Asiya. Wani dattijo maƙwabcina ya nemi in raka shi ziyarar kabarin kakansa, saboda ya ji cewa na yi karatun allo tun ina yaro. Da muka isa, sai ya nuna mini dutsen da ke kan kabarin, an sassaƙa masa rubutu mai kyan gaske da haruffan Larabci, ya ce tun yana ƙarami yake zuwa wurin amma bai taɓa sanin abin da aka rubuta ba. Na riƙa haɗa baƙaƙen ina furta su a hankali, ina tuntuɓe saboda babu wasali, shi kuma yana gyara mini lafazin yana gane wasu kalmomin, har muka fitar da sunan mahaifin kakan da roƙon a karanta masa Fatiha. Ni ina da haruffan ba ni da harshen, shi yana da harshen ba shi da haruffan. Hawaye suka zubo wa dattijon nan, ni kuma tunanina ya koma kan tsohuwar gafakar kakana da ke rataye a ɗakin mahaifiyata.

Dalilin wannan rata sananne ne a nan. Ranar 1 ga Nuwamba, 1928, majalisar Turkiyya ta zartar da dokar da ta maye gurbin haruffan Larabci da na boko, a zamanin Mustafa Kamal Ataturk. Ba na so in yi wa mutanen nan rashin adalci: harshensu yana da wasula takwas, waɗanda haruffan boko suka fi saurin nunawa, kuma yawan masu iya karatu ya ƙaru ƙwarai a shekarun da suka biyo baya. Sai dai a cikin zuriya guda jika ya kasa karanta wasiƙar kakansa, kuma dubban littattafan da aka rubuta da hannu a ɗakin karatu na Sulaimaniyya suka zama sai ƙwararru kaɗan ke iya buɗe su. Rubutu a hannun mutane yake rayuwa, kuma da zarar uba ya daina koya wa ɗansa, to takardun da aka adana a akwati ba za su iya koyar da kansu ba.

Duk da haka, fasahar ƙawata rubutu, wadda Turkawa ke kira hat daga kalmar Larabci ta haɗɗi, ba ta mutu ba, saboda wasu tsirarun malamai sun ƙi ajiye alƙalami. Cikinsu akwai Hamid Aytach, wanda ya rasu a 1982, ya yi shekaru yana cin abinci da sana'ar ɗab'i da zanen tambari, amma bai daina rubutu da koyarwa ba, har ɗalibansa suka zama malaman malamai. Sarƙar da ya riƙe doguwa ce: ta bi ta hannun Hafiz Usman da ya rasu a 1698, ta kai ga Shehu Hamdullah da ya rasu a 1520, wanda ake cewa Sarki Bayazid na biyu da kansa yakan riƙe masa kuttun tawada yana rubutu, kuma a wannan maƙabarta ta Karaja'ahmet Shehu Hamdullah yake kwance. A 1986 cibiyar IRCICA, ta ƙungiyar haɗin kan ƙasashen Musulmi, ta fara gasar haɗɗi ta duniya a wannan birni da sunan Hamid Aytach, sannan a 2021 hukumar UNESCO ta sanya wannan fasaha ta Turkiyya cikin jerin al'adun ɗan Adam da ya wajaba a kiyaye. Turkawa suna da wata magana da suke alfahari da ita, cewa an saukar da Alƙur'ani a Makka, an karanta shi a Masar, an rubuta shi a Istanbul. Duk wanda ya ɗaga kai a masallacin Aya Sofiya ya ga manyan allunan nan masu da'ira da Mustafa Izzat ya rubuta, kowanne faɗinsa mita 7.5, zai gane inda maganar ta samo asali.

Bayan ziyarar maƙabartar nan na nemi wani malamin haɗɗi, na fara zuwa wurinsa kowace Asabar. Ina da gemu da 'ya'ya, amma ya zaunar da ni kamar kolo. Darasin farko addu'a ce da muka sani a gida, Rabbi yassir wa la tu'assir, Rabbi tammim bil khair. Malamin yakan rubuta layin a saman takarda, ni kuma in tafi gida in kwaikwaya mako guda, in dawo ya gyara da jan tawada, yana auna kowane harafi da ɗigon da bakin alƙalami ke yi, tsarin da ake dangantawa da Ibnu Muƙla na Bagadaza wanda ya rasu a 940. Wata biyar na yi a kan wannan layi guda kafin ya ce in wuce zuwa alif da ba. Wanda ya jure shekaru a haka ne ake ba shi ijaza, sannan ya sami izinin sa hannu a ƙarƙashin abin da ya rubuta. Alƙalamin na kara ne da ake fiƙewa da wuƙa, tawadar kuma ta baƙin hayaƙi ce da ƙaro, ba ta da nisa da tawadarmu ta zuge. A masallacin Sulaimaniyya, wanda aka kammala a 1557, magini Sinan ya tsara wani ɗan ɗaki a saman ƙofa inda iska ke kai hayaƙin fitilu ya taru a bango, a kankare shi a yi tawada da shi.

Abin da wannan zama ya yi mini a matsayina na babba shi ne abin da nake so manya su ji. Idan za ka ja dogon harafi, dole ka riƙe numfashi, domin numfashi kaɗan yana girgiza hannu. Idan zuciyarka tana kasuwa ko tana kan waya, takarda za ta tona maka asiri nan take, don layin zai karkace. Na daɗe ina fama da rarrabuwar hankali, in buɗe littafi in kasa kai ƙarshen shafi ban duba waya ba, sai ga shi sa'a guda tana wucewa ina kan harafi ɗaya ban sani ba. Natsuwar nan ta biyo ni har cikin sallata da aikina, kuma haƙurina da yara ya ƙaru, saboda na sake ɗanɗana yadda koyon abu daga tushe yake da wuya.

A ɓangaren yara kuwa, ƙasar nan ta yi wani gwaji da ya kamata mu koya daga gare shi. A 2005 aka wajabta wa 'yan aji ɗaya su fara da rubutun haɗe, wato wanda ake jona haruffa a karkace ba tare da yawan ɗaga alƙalami ba, amma a 2017 aka janye wajabcin aka koma ga haruffa tsayayyu rarrabe, bayan koke-koken iyaye da malamai. A ganina laifin ba na rubutun haɗe ba ne. Malamai da yawa su kansu ba su tashi da shi ba, kuma wanda bai mallaki abu a hannunsa ba ba zai iya zuba shi a hannun yaro ba. 'Yan'uwanmu na Nijar, waɗanda makarantunsu suka gaji tsarin Faransa, da rubutun haɗe suke tashi, kuma duk wanda ya taɓa karɓar wasiƙa daga Maraɗi ko Damagaram ya san yadda hannunsu yake gudu a tsare. Ra'ayina shi ne yaro ya fara ƙwarewa a siffar kowane harafi, sannan a koya masa jonawa, don jonawar tana ba shi sauri, tana sa ya ga kalma a matsayin abu guda, kuma tana buɗe masa rubutun manya. A jihar Kalifoniya ta Amurka ma, bayan shekaru da sakaci da shi, an yi doka a 2023 da ta dawo da koyar da shi a firamare.

'Yata tana aji biyu yanzu, kuma na lura cewa harafin da ta sha wahalar zanawa da fensir ba ta mantawa da shi, alhali wanda ta danna a allon waya yakan wuce kamar ruwa a bayan agwagwa. Masana sun bincika wannan. Karin James ta Jami'ar Indiyana ta nuna a 2012 cewa yara 'yan shekara biyar da suka rubuta haruffa da hannunsu, sassan ƙwaƙwalwarsu da ke aikin karatu sun fi motsawa idan suka sake ganin haruffan, fiye da lokacin da suka buga su a na'ura. A 2024 kuma masu bincike a jami'ar birnin Trondheim ta ƙasar Norway sun wallafa wani bincike inda suka auna ƙwaƙwalwar ɗaliban jami'a, suka ga sassanta sun fi haɗa kai a lokacin rubutu da alƙalami. Dalilin ba ɓoyayye ba ne, domin kowane harafi yana da tafiyarsa a hannu, amma a madannai yatsa motsi iri ɗaya yake yi, ko harafin b ya danna ko na ƙ.

Malamanmu na tsangaya sun riga sun san wannan tun kafin a ƙera na'urar auna ƙwaƙwalwa. Yaro yana fara babbaƙu yana rera alu, ambaki, wau, zal, ya wuce farfaru, ya kai matsayin da zai wanke allonsa ya rubuta da kansa, har gardi ya kai ga satu, yana zuba abin da ke kansa a allo malam yana duba masa. Ba a cika kiran mutum gwani ba sai hannunsa ya shaida haddarsa, ya rubuta Alƙur'ani sukutum da ka, da baƙar tawada da jan wasali da ɗigon rawaya na hamza. Da na je gida bara na ɗauko warƙa guda daga gafakar kakana, na kai wa malamina. Ya daɗe yana kallon kaurin baƙaƙen, da fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama irin na Magrib, sannan ya tambaye ni ko har yanzu akwai masu ba da ijaza a wannan hannu a Kano da Barno. Na ce masa akwai marubuta, amma da yawansu sun tsufa, kuma samari sun fi ganin riba a wasu sana'o'i tun da bugun inji ya yi arha. Ya ce mini mu yi hattara, don su sun san abin da ake kashewa kafin a ɗaura igiyar da ta tsinke.

Mu hannu biyu muka gada, na ajami da na boko, kuma dukansu suna rauni a lokaci guda. Takardun gado da na filaye, da waƙoƙin wa'azi irin na Nana Asma'u, da wasiƙun fatake, da yawa da ajami suke, kuma a gidaje da dama mai iya karanta su mutum ɗaya ne da ya haura saba'in. A bokon ma, waya ta saba mana da zubar da ƙugiyar ɓ da ɗ da ƙ, har yara suna rubuta kasa a inda suke nufin ƙasa, alhali hannu ba ya wahala wajen lanƙwasa wannan ƙugiya idan an koya masa tun farko.

Ba ina cewa a hana yara kwamfuta ba ne, don da ita nake cin abinci, kuma da ita wannan wasiƙa za ta iso gare ku. Roƙona ga iyaye shi ne fensir ya riga waya shiga hannun yaro, kuma a ware masa kwata na sa'a kullum ya rubuta wani abu mai ma'ana, ko wasiƙa ga kakarsa ko lissafin cefane, babba yana zaune kusa da shi yana lura da yadda ya riƙe fensirin. Malaman firamare kuma su gyara nasu rubutun a allon aji, domin shi yara ke kwaikwaya. Wanda Allah ya hore masa, idan zai sayi Alƙur'ani ko zai sa a yi wa ɗansa zayyanar sauka, ya nemi marubucin unguwarsu ya biya shi da daraja, ya kuma tura masa yaro ko biyu su zauna a gabansa. Wanda yake da dattijo a gida mai karanta ajami, ya zauna da shi a wannan makon da takardun gidan, kada ya jira sai bayan salla.

Malamina ya roƙe ni alƙalamin gamba guda biyu da ƙaramin allo, yana so ya gwada hannunmu da kayan aikinmu, ya kuma nuna wa ɗalibansa. Na riga na aika wa ƙanena saƙo ya nemo su a kasuwar Kurmi, ya ba wani mai tahowa nan bayan azumi. 'Yata ce ta rubuta jerin kayan da hannunta, muka ɗauki hotonsa muka tura.

Ku gaishe mini da kowa da kowa. Wassalam.

Naku,
ɗan'uwanku a Santambul