Mai Ƙaho da Mai Sulke

Asabar

Bayan la'asar ina zaune kan tabarma a tsakar gida, sai ga ɗan yayata da wasu dabbobin roba guda biyu da aka sayo masa a kasuwa. Ya dire su gabana ya ce, "Kawu, in suka kara, wa zai kayar da wani?" Ɗaya mai ƙaho uku ne, Tiraiseratos, ɗayan kuma mai sulke, Ankilosoras. Tun ina sakandare nake son labarin dainoso, wato irin waɗannan manyan dabbobin da suka ƙare a duniya tuntuni, sai na ture kofin shayi na gyara zama.

Na fara gaya masa tambayarsa tana kan hanya, domin su biyun sun yi zamani ɗaya a ƙasa ɗaya, yammacin Amurka ta Arewa, wajen shekara miliyan 68 zuwa 66 da suka wuce. A jihar Montana an tono ƙasusuwan kowannensu. Kuma duka ganye suke ci.

Shi dai ya riga ya zaɓi mai ƙaho, ban kuwa ga laifinsa ba. Dabba ce da tsawonta ke kai mita 9, nauyi kamar na toron giwa ko fiye, ƙahonin saman ido kowanne kusan mita 1, ga garkuwar ƙashi ta rufe wuya. Yaron ya riƙa ja da shi baya yana dungurowa, kamar ragon karo.

Ni mai sulke na riƙe. Na kama yatsansa na shafa masa bayan robar don ya ji gudajin. A jikin na gaske ƙasusuwa ne dasashe cikin fata, irin na bayan kada, tun daga kai har gindin wutsiya. Gajere ne, ga faɗi, cikinsa kusa da ƙasa. Ƙaho yana neman nama mai laushi ne ya nutse, a nan kuwa ina zai samu? Sai dai ciki, kuma kafin a kai ga ciki sai an kifar da dabbar da ke kai tan 5 ko sama. Ga wutsiyar: ƙarshenta dunƙulen ƙashi ne, ƙasusuwan da ke riƙe da shi sun sarƙe sun sandare kamar ƙotar gatari. In ya juya ya shauɗa ta, daidai ƙwauri take sauka. Mai ƙaho kuwa, da yake kansa ya yi masa nauyi haka, in ƙafar gaba ta karye, faɗa ya ƙare.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne shaidar ƙasusuwan. An samu garkuwar masu ƙaho da tabon raunin da ya warke, irin wanda ƙahon ɗan'uwansu zai yi. Wani dangin mai sulke kuma, Zul, an samu ƙayoyin kwiɓinsa a karye sun warke, a wurin da wutsiyar irinsa za ta sauka. Ashe 'yan gida ɗaya ma sun sha gwada makaman nan a kan juna.

Yaron ya yi shiru yana jujjuya su. Can sai ya sunkuyar da kan mai ƙaho, ya zura ƙahon ƙarƙashin kwiɓin mai sulke ya ɗaga. "Kawu, in ya zo ta nan fa, kafin wancan ya juya?" Na ce masa lallai in ya riga shi, ya ci. Ana kiran magariba ya bar mini mai sulke, ya ce gobe zai dawo da nasa mu sake.