Kwanar Coram da injina na farko

Ƙarar da na fara ji ba ta da ƙarfi. Kamar wani ne ke ƙwanƙwasa tukunya da ƙaramin cokali daga can ƙarƙashin bonet, in na taka totur ta ƙaru, in na ɗaga ƙafa ta lafa. Ina fitowa ne daga kwanar Murrays a filin tseren motoci na Snetterton da ke lardin Norfolk a gabashin Ingila, cikin watan Mayun 2019, a fita ta huɗu ta wannan ranar. Duk wanda ya taɓa zaman jira a garejin kanikawa ya san sunan wannan ƙarar: inji ya buga. Na lallaɓa na shiga layin gareji, na kashe motar, na zauna a ciki da hular kwano a kaina na kusan minti biyar ban fito ba.

Ba zan faɗi sunan kamfanin da ya ƙera motar ba, don ba shi ya kashe injin ba, ni ne. Mota ce mai ƙofa biyu, silinda shida, babu turbo, jan layinta, wato iyakar juyin da aka yarje wa injin, ya ɗan haura juyi 7,500 a minti. Na saye ta hannu a 2017 tana da mil 74,000, da takardun juye da sabis cif, ba tsallake ko ɗaya. Abin da ya kai ni sayenta shi ne ranakun da filayen tsere ke buɗe wa mutanen gari. Ba gasa ake yi ba. Ka biya kuɗin yini, ka zo da motarka da hular kwano, a auna ƙarar salansarka, a yi muku lacca da safe kan tutoci da yadda ake wuce juna, sannan a sake ku. Ɗaukar lokacin zagaye ma hana shi ake yi. Shekarata ta farko na je sau shida, Donington Park da Mallory Park da Snetterton ɗin, da tayoyin titi na yau da kullum, kuma motar ko tari ba ta yi ba.

Daga nan ne kai ya fara fashewa. Na ga yara da ƙananan motoci suna wuce ni a kwana, na tambaya, aka ce taya ce. Na sayi tayoyi masu ɗanko, irin waɗanda zanensu kaɗan ne kuma suke manne wa kwalta in sun yi zafi, na ƙara da birki mai jure wuta. Motar ta canza kamar ba ita ba. Kwanar da da nake shiga ina addu'a, yanzu sai in shige ta da ƙarin gudu kuma ba ko gezau. Ko sau ɗaya bai zo mini a rai ba cewa abin da na yi wa taya zai shafi inji.

Bakaniken da ya buɗe shi wani dattijon Bature ne da ya yi shekaru yana haɗa injinan tsere. Kafin ya taɓa ko noti ɗaya sai da ya cire filtar baƙin mai, ya yanka ta, ya warware takardar ciki ya fito da ita rana. Tana ƙyalli kamar an barbaɗa garin tagulla. Bai tambaye ni mil nawa motar ta yi ba. Ya ce wace taya na sa, kuma a wane fili. Da na ce Snetterton, sai ya ce: Coram.

Coram doguwar kwana ce ta dama, ana zuwa mata da gudu daga kwanar Bomb Hole, kuma mota kan yi daƙiƙoƙi da dama a jingine a gefe guda kafin a taka birki don Murrays. Yawancin motocin titi, har da masu tsada, baƙin mansu na zaune ne a kasko a ƙasan inji, famfo na zuƙo shi ta wani bututu da bakinsa ke nutse a ciki. Ɗauki kwanon miya ka yi saurin juyawa da shi ka ga inda miyar ke taruwa. Idan taya ta riƙe kwalta har ƙarfin da ke tura mota gefe ya kai nauyinta, saman man yakan karkace da kusan digiri 45, ya haye bangon kaskon. A gajeriyar kwana ba komai, kafin famfo ya farga man ya dawo. A doguwa irin Coram kuwa, bakin bututun na iya fita daga cikin mai ya zuƙi iska. Tayoyin titi ba sa kai motata wannan matakin, zamewa suke yi kafin nan. Ashe raunin tsofaffin tayoyina ne ke kare mini inji.

Abin da ke mutuwa a irin wannan hali shi ne abin da kanikawa ke kira metal, wato ɓawon ƙarfe mai laushi da ke tsakanin kiranshaf da sandar fistin. Waɗannan biyun ba sa taɓa juna idan inji na lafiya. Shimfiɗar mai ce tsakaninsu, wadda ba ta kai kaurin silin gashi ba, kuma matsin famfo ne kaɗai ke riƙe da ita. A juyi 7,500 a minti, kiranshaf na juyawa sau 125 a daƙiƙa guda. Matsi ya yanke na daƙiƙa biyu, an yi juyi 250 ƙarfe na gugar ƙarfe. Ba lokaci ɗaya yake kashe inji ba. Kowane zagaye yana ɗan kankare metal ɗin, har ranar da ɗaya zai yi zafi ya kama kiranshaf ya juya tare da shi. Nawa na silinda ta biyar ne ya yi haka.

Na ce wa dattijon ai fitilar mai ba ta kawo ba ko sau ɗaya. Ya yi dariya. Fitilar nan ba ta kawowa sai matsin mai ya faɗi ƙasa da psi 10 (psi ma'aunin matsi ne), alhali ƙa'idar da kanikawan tsere ke bi a baki ita ce kusan psi 10 ga kowane juyi dubu. Inji na neman saba'in, yana samun ashirin, fitila na barci. Allurar zafin ruwa ma haka, a motoci da yawa an tsara ta ta tsaya a tsakiya muddin zafin na cikin wani faffaɗan zango, don kada hankalin direba ya riƙa tashi. Zafin mai kuwa, wanda shi ne ya fi hawa a fili, ba ni da abin ganinsa ko kaɗan. Ga kuma laifi na uku wanda na fi jin kunyarsa: da safen ranar na duba sandar awon mai, na ga yana tsakiya, na ce ai ya isa.

Gyaran ya ci fam dubu bakwai da ɗoriya, da sabon kiranshaf, da sandar fistin guda, da wanke kowace hanyar mai don kada ɓurɓushin ƙarfe ya rage. Inshorar titi ba ta shiga harkar fili, kuma wadda ake saya ta yini guda karo take biya, ba inji ba. Da na faɗa wa uwargida kuɗin, ta ɗan yi shiru sannan ta ce, "Yallaɓai, kowa ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa." Ban sami amsa ba.

A watannin da motar ke kwance na koyi yadda masu wannan harka ke ƙirga shekarun inji. Mu mil muke dubawa, su awa. Porsche ta ce injin motar tserenta 911 GT3 Cup da ta fito don kakar 2021 yana buƙatar a duba shi bayan awa 100 na gudu a fili. Awa ɗari, a injin da aka ƙera musamman don wannan aikin. A gasar Formula 1 ta 2024, inji huɗu aka yarje wa kowane direba a tsere 24, kuma su ma lallaɓa su ake yi. Dalilin a lissafi yake. Ƙarfin da fistin ke fizgar sandarsa da shi duk lokacin da ya tsaya ya juya yana hawa ne da ninkin juyi sau kansa. Daga 2,500 na babbar hanya zuwa 7,500 na fili, juyi ya ninka uku, fizgar ta ninka tara. Yinin fili ɗaya bai fi mil 150 a agogon mota ba, tafiyar da ba ta kai daga Landan zuwa Mancesta ba, amma kusan awa biyu ne inji na ihu a saman ƙarfinsa. Agogon mil ba ya bambance su.

Motocin da aka yi da fili a zuciya sukan kauce wa matsalar kasko gaba ɗaya. Su 911 GT3 da Corvette Z06 ta 2006 suna ajiye mai a tanki dabam, dogo, wasu famfuna na kwashe duk abin da ya sauko ƙasan inji su mayar can, don haka ko ina mota ta karkata akwai mai a bakin bututu. Hakan bai mai da su ƙarfen da ba ya karyewa ba. A 2014 Porsche ta canza injin dukkan sababbin GT3 guda 785 da ta riga ta fitar, bayan biyu sun kama da wuta sakamakon kwancewar notin sandar fistin.

Ni ba ni da kuɗin irin wannan tsarin. Abin da aka yi wa nawa shi ne sa faranti masu 'yan ƙofofi a cikin kasko, waɗanda ke barin mai ya gangaro wajen bututu amma su hana shi gudu. Aka ƙara ƙaramin lagireto na mai, da agogo biyu a gaban sitiyari, ɗaya na matsi ɗaya na zafi. Ranar da na fara komawa fili da su na tsorata. Kafin in ƙara girman lagireton, minti goma sha biyu kawai mai ya haura digiri 130, allurar ruwa tana tsakiya abinta. Shekara biyu ke nan ina tuƙi a haka ban sani ba.

Sauran duk ɗabi'a ce, ba kaya ba. Mai a cike har layin sama kafin kowace fita, ba kowace safiya ba. Ba na buɗe wuta sai mai ya kai digiri 80, ko da ruwa ya daɗe da yin zafi. Minti goma sha biyar in shigo, zagayen ƙarshe a hankali don komai ya huce, kuma a gareji ba na jan birkin hannu a kan farantin birki mai zafi. Juye bayan kowane yini biyu na fili. Sannan na rage wa kaina juyi 500, ina canza giya a 7,000. Wannan daga Mazda na are shi: motarsu 787B da ta ci tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1991 injinta na iya kaiwa 9,000, amma suka tsayar da shi a 8,500 don ya kai ƙarshe. Abin da na rasa a miƙaƙƙiyar hanya bai kai tsawon mota biyu ba, kuma tunda ba kofi ake rabawa ba, ban ga asara ba.

Wanda ya fi ba ni kwanciyar rai shi ne gwajin mai. Duk juye sai in ɗebi kaɗan a 'yar kwalba in aika ɗakin gwaji ta gidan waya. Suna auna ɓurɓushin ƙarafan da ke ciki. Dalma da tagulla daga metal suke fitowa a irin injina, baƙin ƙarfe daga silinda ko kamshaf. Sakamako ɗaya ba ya faɗar komai, jerin su ne ke magana. In tagulla ta fara hawa juye bayan juye, metal ya cinye har ya kai shimfiɗar ciki, kuma canza shi a lokacin bai kai kashi ɗaya cikin biyar na abin da na biya ba.

Akwai kisa guda da duk wannan ba ya hanawa, kuma saura ƙiris in yi shi a Donington a 2021. Ina neman giya ta huɗu daga ta biyar, hannuna ya zame zuwa ta biyu. Allah ya sa na ji tayoyin baya sun fara kamawa kafin in gama sakin kuloci, na sake dannawa. Na'urar da ke hana inji wuce jan layi fetur kawai take yankewa, ba ta da iko idan tayoyi ne ke juya inji ta giya. Da na sake shi duka, da fistin sun haɗu da bawul. Motocin Porsche na ajiye wannan a kwamfutarsu, sau nawa inji ya wuce iyaka da kuma awar da abin ya faru, shi ya sa masu sayensu hannu ke neman a ciro musu wannan rahoton kafin a yi maganar kuɗi. Tawa ba ta da shi, don haka na rubuta da hannuna.

Littafin na cikin aljihun gaban motar. Kwanan wata, fili, minti nawa, zafin mai mafi girma, matsi mafi ƙanƙanta. A Coram yanzu matsin yakan sauko zuwa psi 48 ya tsaya nan, kuma har yau idona na zuwa kan agogon a tsakiyar kwanar, abin da malamin tuƙi ya sha yi mini faɗa a kai. Sabon injin ya yi awa 58. Mun yi da dattijon cewa a awa 70 za a sauke kasko a duba metal, ko gwajin mai ya nuna wani abu ko bai nuna ba.