Borrow da lend: wa ake bi bashi?

Ban fi wata biyu da kama aikin sakatare ba a wata ƙungiyar manoma da ke ba mambobinta bashin kuɗin taki kafin damina, aka ce in rubuta takardar yarjejeniya da Turanci, saboda banki zai duba ta. Na rubuta "The society shall borrow", na bi da sunan manomin da naira 50,000. Ma'ajinmu, dattijo ne tsohon malamin firamare, ya karanta, ya cire tabarau ya ce, "Ɗana, a takardar nan mu ake bi. Ka mai da mai ba da bashi maci bashi."

Na ce, "Baba, ai borrow aro ne." Ya ce aro ne, amma daga hannun mai karɓa kaɗai. Mai bayarwa lend yake yi.

Da na koma gida na zauna da maganar, sai na ga inda tuntuɓen ya fito. Mu tushe ɗaya muke juyawa: na ari keke, ya ara mini keke, na ranci kuɗi, ya ranta mini. Ƙarshen kalma da ɗan "mini" ko "masa" su ke nuna inda kaya suka nufa. Shi ya sa ɗalibi zai ce "borrow me your pen" hankalinsa kwance, don "ara mini" yake ji a ransa. Jamusawa ma haka suke, leihen ɗinsu na ɗaukar ɓangarorin biyu.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne mu ma muna da rabon da Turanci bai yi ba. Fartanya aronta ake yi, ita ɗin za ka mayar da ƙotarta. Kwanon gero kuwa rance ne, an ci shi an sha, kwatankwacinsa za a biya bayan girbi. Bature borrow zai ce wa duka biyun. Shi ya damu da wane hannu ne ya miƙa, mu mun damu da me zai dawo. Don haka raina ba ya son jin ana cewa Hausa ce ta gaza, kowane harshe da inda ya sa ido.

A takardar bashi dai, hannun da ya miƙa shi ne komai. Baba ya tuna mini aya ta 282 a Suratul Baƙara, mafi tsawo a Alƙur'ani, wadda ta ce a rubuta bashi, kuma wanda ake bi shi zai yi shifta. Manomin namu ba ya karanta Turanci, da amana zai dangwala yatsa a kan abin da na buga.

Na sake buga takardar a ranar da "shall lend". Kafin ya dangwala, na karanta masa ita da Hausa layi bayan layi, ya ce, "Haka ne, Malam, ni ake bi, sai bayan kaka."